Tukunyar Ƙanƙarar Kaka Apolônia

Curitiba, 7 ga Afrilu

Zuwa ga babbar yayata Leocádia,

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa irin ta ƙane ga yayarsa, ina fatan takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Anacleto, da 'ya'ya da jikoki. Yaya zafin Belém? Yaya gwiwar nan taki? Allah ya ƙara sauƙi, ya nuna mana Ista lafiya. Mu nan sai godiya. Sanyi ya fara leƙowa, ga yayyafin nan namu da ba ya sallama kafin ya shigo. Matata Hermínia ta warke daga murar da ta kwantar da ita, bakinta ya koma aiki, kuma ni ne na fara shaida hakan. 'Yarmu Celina ta haihu, an samu namiji, mai hanci irin na Baba, Allah ya sa ya girma ya cim ma hancin.

Yaya, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Akwai abin da ya tsaya mini a maƙogwaro kwana goma ke nan, kuma duk duniya ke kaɗai ce zan iya amayar wa. Kin san lokacin bikin wasan kwaikwayo ne. Manyan wasanni suna can a manyan ɗakuna masu kujerun laushi, ni kuwa aikina a gefen biki yake, inda ba a tantance kowa. Duk wanda ya ga yana da abin nunawa, sai ya nemi ɗaki da kujeru goma, ya manna takarda a bango. Shekara ashirin da biyu ke nan ina yi wa jaridar unguwarmu sharhin waɗannan wasanni, ina ba su maki da 'ya'yan pinhão, ƙwayar itacen nan namu da ake dafawa a ci, waɗanda ake zanawa a ƙasan rubutuna, daga ɗaya zuwa biyar. Biyar ɗin ban taɓa ba kowa ba, kuma ina alfahari da haka. A makon nan kaɗai na kalli wani bawan Allah da ya yi awa guda yana faɗa da lema, lemar ta fi shi iya wasa. Na kalli wasu 'yan mata daga Recife suna rawa a garejin mota har suka sa na manta da ciwon bayana. Na kuma zauna a wani wasa da 'yan kallo mu biyu ne, ni da karen mai gidan, shi ma karen ya fita kafin a kai rabi.

To, cikin masu manna takarda a bango bana har da ƙanenki Valdomiro. E, Miro namu. Mutumin da ya yi shekara talatin yana tuƙa bas bai ce wa fasinja ko sannu ba, wanda ko gishiri yake so a teburi sai dai ya nuna da haɓa. Ya samu ɗakin baya na wani gidan burodi, ƙarfe huɗu na yamma, kujeru ashirin da biyar, ya sa wa wasan suna Daga Bakin Kakata Zuwa Kunnena. Da ya zo gaya mini, dariya na yi. Na ce masa, kai autan Mama, ranar da aka binne Kaka Apolônia shekararka uku, kana bayan Leocádia kana tsotsar yatsa, wane kunne? Ya ce ni dai in zo in gani, in bar surutu, wai ai surutun nawa ne ya hana shi magana shekara sittin.

Kin san al'adar 'yan wasa, ba a ce wa mai hawa dandamali Allah ya ba da sa'a, sai dai a ce masa kashi, tun zamanin keken doki, lokacin da tarin kashin dawaki a ƙofa shi ne alamar gida ya cika. Ranar farko kowa ya je ya faɗa masa kalmar, har mai burodin. Ni na tsaya ina gyaran igiyar takalmi har aka kaɗa ƙararrawa ta uku. Hermínia ta gan ni. Ta ce kada in damu, ba ya buƙatar kashin doki, tun da hassada ga mai rabo taki ce, kuma ga shi na zo masa da buhu guda. Na ce mata wace hassada, ni da na je in rufa masa asiri idan ya kunyata mu?

Bai kunyata mu ba, Yaya. Da ma ya kunyata mu, da na samu barci. Ya fito da farar riga, ya zauna a kan buhun fulawa, yana cuɗa ƙullu yana magana. Ya ba da labarin akuyar limamin coci, ya ba da na mutumin da ya sayar da inuwarsa, sannan ya zo kan na tukunya. Kin tuna shi: matar da za ta bar tsohuwar ƙasa, kowa ya ɗauki abin da zai iya, wannan bargo, wancan gatari, ita kuwa ta cika tukunya da dusar ƙanƙarar ƙofar gidansu, ta rufe, ta rungume ta har cikin jirgin ruwa, mutane na yi mata dariya. Da jirgi ya shigo ƙasar zafi ta buɗe, sai ruwa. A nan Miro ya ɗaga ido, ya ce matar ba ta yi kuka ba. Ta riƙe ruwan har suka sauka, ta kwaɓa burodin farko da shi a sabuwar ƙasa, ta gutsuri ƙullun ta ajiye don ya tayar da na gobe, na gobe ma aka gutsura don na jibi, har yau, saboda haka duk burodin da aka ci a gidanmu akwai ƙanƙarar can a cikinsa. Sai ya jawo burodi mai zafi ya karya, ya miƙa wa na gaba, aka yi ta miƙawa. Yaya, mutanen garin nan, waɗanda za ki yi shekara ashirin kina haɗuwa da su a matakala ba su ce miki ina kwana ba, suka miƙe tsaye suna tafi. Wani ƙato mai gemu a gefena yana kuka da burodi a baki.

Ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Wannan ƙarshen ba na Kaka ba ne. Nawa ne. Ke kin sani, ranar Asabar take ba da labarin tana gashin burodi, kuma kullum daidai wurin da matar ke buɗe tukunya, nan burodi ke fitowa daga tanda. Ni kuwa cikina ya fi kunnena ƙarfi, sai in fizgi gefena in ruga waje kafin ki ƙwace. Ban taɓa jin yadda ya ƙare ba, ko sau ɗaya. Bayan rasuwarta, shekarar da ƙyanda ta kwantar da Miro, ke kin tafi aikatau gidan likitan nan, ni aka bar wa jinya. Ina ba shi labarin, na zo kan ruwa, na tsaya. Ya kama hannuna da zafin jikin nan ya ce, sai me ya faru? Na duba ɗaki, na ga kwanon ƙullun Mama a kan kanta, na ƙirƙiro abin da na ƙirƙiro, na ce haka Kaka ta ce. Shekarata goma sha biyu. Tun daga ranar nake maimaita shi a kowane biki da kowace Kirsimeti da sunanta, ke kuma ba ki taɓa tona ni ba, ban sani ba ko tausayi ne ko kin manta.

Ki duba lamarin da kyau. Ni ne mai bakin gidanmu. Ni ne na taɓa hawa dandamali ina saurayi, na kalli kujeru wayam, na sauko na koma ba wasu maki. Abu ɗaya tak na taɓa ƙirƙira a rayuwata da ya sa ƙato kuka, kuma ga shi an rubuta sunan Kaka a sama, hoton Miro a ƙasa, ni ina kujera ta bakwai da biro a hannu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Kwana uku a jere gidan na cika, har ana zama a kan buhuna. Wata mata da ke zaɓen wasannin da za a zagaya da su garuruwan jiharmu ta zo ta kalla, ta ce abin da ya burge ta shi ne gaskiyar abin, labari daga bakin tsohuwa zuwa kunnen jika ba gauraye. A kan wannan gaskiyar take shirin ɗaukarsa.

Dona Zuleide, mai jaridarmu, ta kira ni ta ce, Estanislau, ɗan'uwanka ne ko ba ɗan'uwanka ba, unguwa na jiran sharhi ranar Juma'a, kuma kada in kawo mata ruwan sanyi. Na zauna na rubuta guda biyu. Na farkon, wallahi ban taɓa rubutu mai daɗinsa ba. A ciki na lissafa shekarun Miro ranar jana'iza, na faɗi wanda ya yi ƙarshen da inda ya yi shi, har kwanon ƙullun na ambata. Na san idan ya fito, matar nan mai zaɓen wasanni za ta janye, takardar bango za ta zama abin dariya, Miro kuma zai koma nuna gishiri da haɓa. Na sani sarai, amma na karanta shi sau shida ina jin daɗi kamar mai susar ƙaiƙayi.

Ranar Laraba na koma kallo na biyu, don in ƙara samun abin suka. Muna zaune Hermínia ta zungure ni da gwiwar hannu, ta ce in dubi abin da Miro yake yi duk lokacin da zai kwaikwayi muryar Kaka. Na duba. Sai ya yi gyaran murya, ya bugi gwiwarsa sau biyu, ya ja kunnen hagu. Ta ce, tsoho, shekara arba'in da takwas ina kallon wannan abin haushin a teburina, wannan ba kakarku ba ce, kai ne. Da aka tashi na same shi yana wanke hannu, na tambaye shi a ina ya samo bugun gwiwar. Ya dube ni kamar na tambaye shi sunan uwarmu. Ya ce haka Kaka take yi mana, shi fuskarta ta ɓace masa, amma muryarta da bugun gwiwar nan yana jin su kamar jiya, musamman lokacin da yake kwance da ƙyanda ta zauna a bakin gadonsa. Yaya, lokacin ƙyandar shekararta biyu a kabari. Ba ƙarya yake yi ba. Kakar da yake da ita ke nan, wani yaro mai datti a gwiwa da gefen burodi a aljihu. Idan na buga sharhin farko, ba yawon garuruwa kaɗai zan ƙwace masa ba.

Kada ki ɗauka zuciyata ta yi fari daga nan. Haushi ma ya ƙaru, domin yanzu ba labarina kaɗai ya ɗauka ba, har gyaran muryata da jan kunnena, kuma ya fi ni iya su. Amma ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Na farkon na ba Hermínia ta kunna murhu da shi, ta ce tun da muka yi aure ban taɓa rubuta abin da ya yi amfani kamarsa ba. Na biyun na kai wa Dona Zuleide. A ciki na ce mai wasan yana haɗiye ƙarshen kalmomi, na ce labarin akuya ya yi tsawo, na ce kujerun gidan burodin an yi su ne don hukunta masu zunubi. Sannan na ce ƙarshen labarin tukunya shi ne ƙarshe mafi kyau da na ji a shekara ashirin da biyu na wannan aiki, kuma duk wanda ya fara ƙirƙiro shi, Allah ya yi masa baiwa. Wannan layin na daɗe ina gyara shi.

Jiya Miro ya shigo gidan da jarida a hannu. Matar nan mai zaɓen wasanni ta ɗauke shi, garuruwa tara, daga watan Yuni. Ya karanta layin nan da ƙarfi a gaban kowa, idonsa ya kawo ruwa, ya ce da Kaka na raye da ta ji daɗin yabon da na yi mata. Na cije harshena har na ji gishiri. Sai ya nuna ƙasan shafin, ya kira ni da sunana na gida ya ce, amma Yaya Lalau, rowar nan taka ko kabari za ka kai ta, huɗu kacal, ina na biyar ɗin? Na ce masa huɗun nasa ne halak malak, ya ci lafiya. Da zai fita na bi shi har ƙofa na ce masa kashi, kashi mai yawa. Ya ce na makara da kwana goma. Na biyar ɗin kuwa, tsakanina da ke, ban hana shi don rowa ba. Na marubuci ne, na riƙe abina.

Yanzu ga roƙona. Ke ce kike zama har ƙarshe kina goge tire, ke kaɗai kika rage da kika ji abin da matar nan ta yi da ruwan. Ina so in sani kafin in bi Kaka. Ki rubuto mini, a takarda daban, ki sa sunana ni kaɗai a ambulan, kada ki faɗa wa Miro ko a waya.

Ki gaishe mini da Anacleto, ki ce masa har yanzu ina jiran kifin da ya ce ya fi ƙofa tsawo. Ki gaishe da Dorotéia da mijinta, da Benício, da 'yan biyun Marlene. Hermínia na gaishe ki, ta ce ki daina hawa tsani. Celina da jaririnta na gaisuwa. Miro ma zai rubuto miki, wai, idan masu neman sa hannunsa sun bar shi ya numfasa.

Amma ki auna kafin ki aiko, Yaya. In na Kaka bai kai nawa ba, ki rubuto da gaggawa. In kuwa ya fi nawa daɗi, ki ce mini kin manta.

Naki ƙane har kullum,
Estanislau