Baƙin Ƙwaro Mai Ƙafa Takwas

Gumel, bayan ƙaramar Sallah, 1996

Zuwa ga autana Mu'azu,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata ka isa Kano lafiya, ka tarar da iyalinka lafiya. Yaya jikin ƙaramar da haƙora? Mu nan alhamdu lillahi, sai ciwon ƙafa da aka saba. Selina matar marigayi Ishaya ce take rubuta mini, na kuma ce kada ta gyara mini magana, yadda na faɗa haka za ta sa.

Maganar akwatin kunnena ce. Ka san tun shekarar da kunnuwana suka toshe, da ɗan akwatin nan nake jin duniya. Ishaya ubangidanka, wanda ya koya maka gyaran rediyo, shi ya haɗa mini shi a cikin robar sabulu, ya sa masa batir da ɗan bakin da ke ɗaukar magana, da kunnuwan soson nan da nake ɗorawa a ƙarƙashin ɗankwali. Da shi nake jin kiran salla. Da shi nake jin an buga ƙofa ana cewa Iya Hajjo ta taso, wance tana kan gwiwa. Ungozoma da kunne take aiki, daga nishin mace take sanin inda naƙuda ta kai.

Ranar Sallah ka zo, ko tuwonka ba ka cinye ba ka kwance shi a kan tabarmata. Ka nuna mini wani baƙin ƙwaro mai ƙafa takwas a cikinsa, wanda ku kuke ce wa aisi, ka ce shi ke ƙara wa magana ƙarfi, kuma wannan tsohon yayi ne, muryarsa a dishe kamar mai mura. Ka fito da wani daga cikin takarda mai ƙyalli, ka ce ɗan Japan ne. Na ce ka bar mini abina, dishewar nan kunnena ya saba da ita. Ka yi dariya, ka ce Inna ba ta san daɗi ba. Ka ɓamɓare na Ishaya, ka dasa naka, ka ɗora a kanka, kai mai lafiyayyen kunne, ka lumshe ido, ka ce har takun kaza kana ji a tsakar gida. Ka ɗora mini, ka tafi tasha.

Ban ce bai fi ƙarfi ba. Ya fi. Amma ɗan nan, akwai mutane a ciki. Wani namiji ne mai harshen mutanen Damagaram, sai ya taso daga can ƙarƙashi yana ta zuba, wani lokaci goge ya biyo baya, wani lokaci Faransanci. Shekaranjiya ya yi sallama na amsa, har na shimfiɗa tabarma, na leƙa zaure ba kowa. Batir kuma shan sa yake yi kamar rijiyar rani, in ka taɓa robar sai ka ji ta da ɗumi.

In ƙwaron Ishaya yana aljihunka, ka zo ka mayar mini da shi. Ka gai da matarka, ka shafa mini kan yara. Allah ya yi maka albarka.

Ni ce mahaifiyarka,
Hajjo

Gumel, tsakiyar bazara

Zuwa ga Mu'azu,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, kai da mutanen gidanka. Yaya zafi? Takardarka ta zo, Selina ta karanta mini. Ka ce tsohon ƙwaron ka jefar da shi ta tagar mota wajen Gagarawa Tasha, ba abin ajiyewa ba ne. Ka ce naka ba shi da aibi, ka gwada da kunnenka, wataƙila hutu nake bukata. Na gane abin da kake nufi da hutu. Mai ɗaki dai shi ya san inda yake masa yoyo.

To ga abin da ya faru, gara ka ji daga bakina.

Haladu direban babbar mota ya aiko ɗan kabu-kabu ya ɗauke ni zuwa gidansa na Maigatari. 'Yarsa Zulaiha, wadda aka aurar a garin Sule Tankarkar, ta zo goyon ciki, haihuwar fari. Ni na yanke wa yarinyar nan cibi, shi ya sa uwarta Cindo ta ce ba wadda za ta taɓa ta sai ni. Na tarar naƙuda ta yi nisa, yarinya a tsorace, tana riƙe da zanina. Ɗakin rufin kwano ne, kuma ka san Maigatari kan iyaka take. Tun da na shiga mutumin nan na cikin akwati ya taso, bai taɓa fitowa tas kamar ranar ba, sai ka ce a kafaɗata yake zaune. Na yi niyyar cire abin, amma in na cire da me zan ji nishinta?

Ina durƙushe, hankalina duk yana kan yarinya, sai na ji ana sanarwar rasuwa. Wai Allah ya yi wa wata mata cikawa, ta bar 'ya'ya da jikoki, za a yi jana'iza bayan la'asar. Mu'azu, tun ina yarinya ba a taɓa faɗin mutuwa a kunnena na yi shiru ba. Bakina ne ya riga ni. Kuma ka san kurma ba ya sanin ƙarfin muryarsa. A kan mai naƙuda, a gaban uwarta da gwaggonninta, na ce:

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta."

Zulaiha ta saki zanina. Ban manta idonta ba. Ta fasa kuka tana kiran uwarta, tana cewa mutuwa za ta yi, Iya Hajjo ta gani. Na ce ba da ita nake ba, da matar cikin akwati nake, sai na ƙara ɓata lamarin. Cindo ba ta zage ni ba. Hannuna ta kama, ta kai ni har zaure, ta ce in huta a nan, ta sa aka kawo mini ruwa kamar baƙuwa.

A zaure na zauna har aka haihu, wata ta yanke cibi. Namiji ne, ƙanƙane. Zulaiha ta tashi, amma shi bai kai suna ba.

Na san kwanansa ne ya ƙare, kai ma ka sani. Amma ka zo. Ka zo da kanka ka buɗe abin nan a gaban Haladu, ka nuna masa cewa ƙwaronka ne yake jawo rediyo. Kai mai sana'ar ne, kai za su yarda da kai. Ban taɓa roƙonka ka bar shago saboda ni ba, yau na roƙa.

Ka gai da iyali. Allah ya tsare.

Mahaifiyarka,
Hajjo

Gumel, cikin damina

Zuwa ga Mu'azu,

Ina gaishe ka, ina gai da matarka da yara, da fatan kuna lafiya. Yaya ruwa a wajenku? Mu nan gero ya yi kyau, an gode Allah.

Saƙonka ya iso ta hannun yaron mota: turmin atamfa, da wani sabon ƙwaron a cikin takarda mai ƙyalli. Ka ce wannan ya fi wancan, ɗan Amurka ne, in ka sami sarari bayan damina za ka zo ka dasa. Na gode da atamfa. Ƙwaron yana nan a ƙarƙashin tasa, ban buɗe ba.

Selina ta ɗora akwatin a kanta wani yammaci, ta ji mutumin da kunnenta, har ta ji ya faɗi sunan gidan rediyon. Ta bi gida gida tana gaya wa mata. Suka ce to me za ta ce, ba mijinta ne ya haɗa abin ba? Ga ta nan tana rubutu tana share ido, na ce ta bari kada ta jiƙa takarda.

Zan ba ka gaskiyarka, ƙwaronka yana da kyau. Da na Ishaya, sai wanda ya tsaya a gabana nake ji. Da naka, har raɗa ta bayan katanga ina ji. Ranar Laraba ina tsintar wake a tsakar gida, matan maƙwabta suna daka, na ji sunana. Na ji kalmar da ake ce wa tsohuwar da yara ke mutuwa a hannunta. Ba zan sa Selina ta rubuta ta ba. Na ji wadda ta faɗa, na ji wadda ta ce a yi a hankali, na ji wadda ta ce ai kurma ce. Dukansu uku ni na yi musu wankan jego. Tas na ji, babu dishewa ko kaɗan, yadda ka yi alkawari.

Na cire shi a ranar, na naɗe wayar, na zare batir. Lokacin salla yanzu da inuwar bango nake gane shi.

Ban yi fushi da kai irin fushin da ke bin ɗa ba, kada ka ji tsoro, bakina ba zai taɓa ka ba. Na san kyautatawa ka yi nufi. Abin da ya tsaya mini a wuya ɗaya ne, kunnen nawa ne, amma da naka ka gwada.

Ka tuna Rahamatu ta gidan da ke jikin namu, wadda kuka yi wasan ƙasa tare? Tun cikinta yana wata huɗu take cewa ni za ta kira. Na wanke zanin aiki, na sayi sabuwar reza na ajiye, kullum ina barin ƙofa a buɗe don in ga mai shigowa tunda ba zan ji bugu ba. Jiya da safe na fito alwala, sai na ga hayaƙi yana tashi ta kan katangarsu, mai kauri, irin na itacen da ake hura wa babbar tukunya. Iska ta kawo mini ƙamshin ganyen darbejiya a tafasasshen ruwa. A haka na san an haihu.

Kada ka wahalar da kanka da zuwa bayan damina, ka kula da shagonka. Ka gai da kowa da kowa. Allah ya yi muku albarka, ya raya abin da ya ba ku.

Ni ce dai,
Hajjo