Wayar Inna a Rukunin Firinta

Yaya Babaji,

Gaisuwa mai yawa daga Alƙahira. Ya Anti Hanatu da yara da mutanen Dogo Tebo? Ya ƙafar Baba?

Kada shiruna ya dame ku, lafiyata lau, kaɗaici ne dai wani lokacin. Intanet ɗin makarantarmu aka sauya wa tsari. Yanzu sai an tantance kowace na'ura a ba ta matsayi: ta ɗalibi, ta malami ko ta baƙo. Wayata tsohuwa ce, tsarin ya kasa gane ta, ya jefa ta rukunin firinta. Firinta kuwa ba a ba ta damar kiran gida. Sati uku ke nan.

Da na je ofishinsu, ma'aikacin ya jujjuya ta ya ce, "Ki sauya waya mana." Na ce ta marigayiya mahaifiyata ce. Sai ya ce zai yi mata rajista da hannunsa ranar Litinin.

Ranar ka zaunar da Baba kusa da wayarka bayan la'asar. Amma ka fara gaya masa ni ce zan kira, don har yanzu in na kira ka sunan Inna ne ke fitowa.

Ƙanwarka,
Mubaraka