Makullin Ɗakin Fayil

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ya jikin Inna, gwiwar ta yi sauƙi? Ya maigidan da yara? Mu nan lafiya lau, zuciyata ce dai ba lafiya.

Yaya, Magatakardan jami'armu zai yi ritaya ƙarshen shekara. An kawo sabon tsari: tun kafin babba ya sauka, a zaɓi wanda zai zauna kusa da shi yana koyon aiki don ya gaje shi. Kowa a ofis ya san kujerar nan tawa ce. Shekarata goma sha tara a ɗakin fayil. Ko ido aka ɗaure mini, a faɗi sunan ɗalibi kawai, in miƙa hannu in zaro takardunsa.

Sai ga sanarwa a allo, wai Doguwa aka zaɓa. Doguwa fa, 'yar jiya-jiyan nan, wadda a gabana ta koyi buga hatimi, har a juye take buga shi! Yanzu an kai mata tebur ofishin Magatakarda, ƙarƙashin fanka. Na je na yi mata murna, ta fatar baki. Ba zan ɓoye miki ba, ƙyashi ke cin raina. Ko ƙarar takalminta na ji a baranda, sai shayina ya fita kaina.

Gobe zan je in ji dalili. Ki gaishe da Inna.

Ƙaninki,
Auta

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa, ina fata kuna lafiya. Na ga Magatakarda, da ma ban je ba.

Ya ce sunana ne na farko a gaban kwamiti. Amma ƙa'idar ita ce ba a ɗaga mutum daga teburinsa sai akwai mai iya riƙe teburin. Aka tambaya wa zai riƙe ɗakin fayil in na tashi, aka rasa ko mutum ɗaya. Ita kuwa Doguwa mutum uku ta horar a sashenta.

Ya tuna mini mutum huɗu aka turo mini koyon aiki, har da ita, duk na sa su kaɗe ƙura har suka gaji suka tafi. Gaskiya ya faɗa. Tsarin jera fayil ɗin a kaina yake, ban taɓa rubuta shi ba. Kin tuna shekara shida ban ɗauki hutu ba, kina ta yi mini tsiya wai na auri makulli? Tsoro nake kada wani ya iya, a daina nemana.

Da zan fita har ya yabe ni, wai ɗakin nan ba ya yiwuwa sai da ni. Shekara goma sha tara nake son jin wannan magana, Yaya, ga shi na ji ta.

Ɗazu Doguwa ta aiko neman wani tsohon fayil. Ko minti ɗaya ban yi ba na zaro shi. Da kaina na kai mata, don babu wanda zan aika.

Ki sa ni a addu'a.

Ƙaninki,
Auta