Baba, Na Rushe Ɗakin Da Ka Gina

Zuwa ga Babana,

Gaisuwa da ban girma. Na san takardar nan babu mai kai maka ita, ba kuma za ka karanta ba. Amma maganar ta tsaya mini a wuya, kuma kai ne ya kamata ka fara jin ta.

Bari in fara da na gida. Inna tana nan lafiya, sai gwiwa da ke damunta. Gero ya yi kyau bana, wake ne ya ba mu kunya. Jikarka Maryama ta haihu, an yi wa yaron baftisma, an sa masa sunanka, Bulus.

Majami'armu kuwa, da za ka dawo, ba za ka gane jama'arta ba. Ka tuna kuna gida huɗu kacal, kuna addu'a a gindin gawo, awaki na ratsa ku? Fada, limaminmu, sai wata-wata yake zuwa daga Dogon Dutsi. Sauran Lahadi kai ne mai karatu, kai ne mai ba da waƙa, da muryar nan taka da ba ta taɓa tafiya daidai da ta kowa ba. Daga baya ka kwaɓa ƙasa ka gina ɗakin addu'a. Buba makiyayi Musulmi ne, amma shi ya riƙa kawo maka kashin shanu na yaɓe. Yanzu muna da Fada namu mai zama a nan. Mutane na tahowa a amalanke daga ƙauyukan Kore Mairuwa, ga malaman makaranta, ga ma'aikata baƙi. Rabin jama'a a waje suke tsayawa, suna jin wa'azi ta taga.

Kowace shekara kafin ruwa ya sauka kakan tara mu gayyar yaɓe. Ba ka yarda da cokalin magini ba, sai tafin hannu. Bangon gabas, wanda ruwa ke duka, naka ne kai kaɗai, shi ya sa sawun yatsunka ya cika shi, har da ɗan yatsan nan da lauje ya gutsure. Ni kuwa da na koyo ginin siminti a Nijeriya, na dawo ina hura hanci. Shekara uku ina ƙirƙiro aiki a Matankari don in kauce wa gayyar. Ka sani sarai. Kunyar ɗakin ƙasa nake ji, Baba. Ban taɓa faɗa maka ba.

Da ciwo ya kwantar da kai, ka riƙe hannuna, ka roƙe ni kada in bari ɗakin ya faɗi. Na ɗauki alkawari. Shekara tara ina yaɓe bangon gabas da hannuna, ina kewaye wani ɗan wuri can sama kusa da rufi, don kada in rufe sawunka.

To, bana dattawa suka ce sai an faɗaɗa. Ka san filin: gabas hanya, yamma makabartarmu, inda kake kwance. Babu wurin sabon gini sai inda tsohon yake tsaye. Na yi gardama har na ɗaga wa Fada murya. Lahadin da ta biyo, wata tsohuwa da ta taho tun daga wajen Ɗan Kassari ta yanke jiki ta faɗi a rana, a bakin ƙofa, ba ta samu wurin shiga ba. Da kai ne, me za ka yi? Da ka iya tsallake ta ka shiga ka ba da waƙa? Da aka sake zama, na ɗaga hannu tare da su, na yarda a rushe.

Ban bari kowa ya riga ni ba. Ran Litinin na ɗauki diga da kaina. Bangon ya yi taurin kai irin naka, sai da na jiƙe sharkaf. Inna ta zauna a inuwa tana kallo, har yau kuma ba ta tayar da zancen ba.

Masu amalanke sun zo kwasar ƙasar su kai gona, na hana. Mun daddaka ta, mun yayyafa ruwa, mun cika ƙarƙashin sabon daɓen da ita, daidai inda jama'a za su durƙusa. Ko tafi ɗaya bai fita daga filin ba.

Duk da haka ba zan yi wa abin ado ba. Ɗakin bai faɗi da kansa ba, Baba, ni na kayar da shi. Ka yafe mini. Ina kewarka ƙwarai.

Ka huta cikin salamar Ubangiji, sai mun sadu.

Ɗanka magini,
Yusufu