Mahaɗin da Iro Ya Naɗe da Leda

Talata, bayan isha'i

Tun damina Iro yake min dariya a majalisa, wai duk rediyon oba-obar da na kafa, muryata ko Kongolam da ke nan kusa da mu ba ta kaiwa. Taubashina ne, na yi ta haɗiyewa.

Yau na ari mita na auna. A bakin rediyo ƙarfin a cike yake, amma a gindin eriya ko rabi bai kai ba. Da na kwance mahaɗin wayar eriyar, ashe ruwa ya shiga, ciki duk ya yi kore. To wa ya haɗa? Iro! Da ledar burodi ya naɗe, yana cewa, "Kai dai zuba ido."

Ban goge ba. Gobe sai majalisa ta cika, ya soma tsokanar tasa, sannan in dire masa shi gaban kofin shayinsa. Ledar ma na adana.