A Ƙofar Cocin Za Ka Same Ni

Yaya Hermelinda,

Ina gaisuwa. Ya jikin Mama, ya yara? Ki ce mata ta daina kuka. Hannu ɗaya kawai na karya da na faɗo daga tsani.

Jiya magajin gari ya zo, wai a rushe tsohon cocin da nake gyarawa a zuba siminti. Ya ce, "Haba mai zanen gini, laka ce fa!" Na ce, "Lakar nan shekararta ɗari uku, ni na tono tarihinta. Kawo katafilarka, a ƙofa za ka same ni."

Ki aiko min da safa, sanyin duwatsun nan ba wasa. Allah ya tsare ku. Ba zan dawo gida Arequipa ba sai ƙararrawar cocin nan ta sake kaɗawa.

Ƙanwarki,
Fortunata