Kumfa a Jikin Bututu

Baba,

Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙafar Inna, yaya aikin faci? Ni lafiya lau, abinci ne dai ba ya shiga.

Ka san aikinmu: muna harba hasken leza cikin bututun gas, ya fito a walƙiya gajeriya ƙwarai. Awonmu ya nuna tamu ta fi ta kowa gajarta, har shugabana ya sanar wa duniya. Jiya na shafa wa bututun ruwan sabulu, yadda kake wa taya. Baba, ya yi kumfa, gas na fita ta mahaɗin. Awon wata shida ya lalace, kuma ni na ɗaure wurin.

Ba wanda ya gani. Gobe zan faɗa masa, ko da zai kore ni. Kada Inna ta ji tukuna. Ka yi min addu'a bakina ya buɗe.

'Yarka